Zauren Masu Karatu: Wuraren bautar Hindu na bakin tekun Tamil Nadu, wanne zan je in gani?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ina bin wannan shafi naka tun ina makarantar kimiyya da fasaha, inda na karanta zanen gine-gine. Yanzu haka ina Chennai a kudancin Indiya, na rako mahaifiyata aikin gwiwa. Alhamdu lillahi an yi aiki lafiya, sai dai likita ya ce sai ta yi wata ɗaya da rabi ana yi mata gashi kafin a sallame mu. Ƙanwata ce ke tare da ita dare da rana, ni kuwa ban da sayo magani da abinci ba abin da nake tsinanawa. Daga masaukinmu a unguwar Mylapore ina hango wata doguwar hasumiya cike da mutum-mutumi masu launi iri-iri. Aka ce mini wurin bautar Hindu ne, kuma wai irinsa na nan birjik a bakin teku har ƙarshen ƙasar. Tunda na san ka zauna a wannan yanki, wanne ne ya cancanci mutum ya kashe kuɗin mota ya je ya gani? Suna barin Musulmi ya shiga? Kuma in Hajiya ta ji sauƙi, zan iya tafiya da ita?

Daga wani mai karatu ɗan Gusau, yanzu a Chennai.

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ƙara wa Hajiya sauƙi, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

Zan fara da tambayarka ta biyu, don ita za ta raba maka hanya. Wuraren nan kashi biyu ne. Akwai waɗanda bauta ta ƙare a cikinsu tuntuni, suna hannun hukumar kula da kayan tarihi ta Indiya. Waɗannan ka yanki tikiti ka shiga, ba mai tambayar addininka. Akwai kuma rayayyu, inda tun kafin asuba ake kaɗa ƙararrawa ana ƙona kafur. A irin waɗannan, in ka wuce babbar ƙofa za ka tarar da wani dogon turke da aka lulluɓe da tagulla ko ruwan zinare, yana fuskantar ɗakin da gunkin yake. Suna ce masa kodimaram, a kansa suke ɗaga tuta lokacin bukukuwa. Nan ne iyakarka. A watan Janairun 2024 babbar kotun Madras, reshenta na Madurai, ta umarci hukumar jihar mai kula da wuraren bautar Hindu ta kafa alluna cewa wanda ba Hindu ba kada ya wuce wannan turke. Shari'ar ta taso ne a kan wurin bauta na Palani, amma umarnin ya game jihar. Wani wurin sun tsananta, wani wurin ba mai ko kallonka, amma ni shawarata ka ɗauki turken nan kamar zauren gidan mutane: baƙo ya yi sallama ya tsaya nan, ko da ya ga ƙofar cikin gida a buɗe.

Akwai wani abu a cikin hukuncin da nake so ka riƙe da kyau. Kotun ta ce wanda ba Hindu ba, in ya nace sai ya shiga ciki, to ya sa hannu a rajista cewa ya yi imani da abin bautar wurin kuma zai bi ƙa'idojinsu. In wani mai rakiya ya miƙo maka littafi da biro ya ce ai sa hannu ne kawai, kada ka taɓa. Ba abin da ke bayan labulen nan da ya kai wannan farashi, kuma ga mai karatun gini irinka, kusan duk abin kallon a waje yake.

Hukuncin shiga wurin bautar wani addini don kallo, wannan na malamai ne, ka buga wa malaminka waya. Abin da zan iya yi shi ne in faɗa maka abin da ake yi a wurin, don tambayar da za ka yi masa ta cika. Mai hidimar wurin yakan zagayo da faranti mai wutar kafur, mutane su shafa hannu a kan harshen wutar su shafa a ido. Yakan ba da farar toka ko jan gari a ɗiga a goshi, da ɗan abinci ko kwakwa da aka riga aka miƙa wa gunkin. Wani ya tambayi sunanka don ya ambata a addu'arsa, ka ba shi 'yan kuɗi. Duk waɗannan ibada ce a wurinsu, ko da sun ce maka al'ada ce ta maraba. Maganar nan ta in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma ka nemi taka, ba ta aiki a nan. Ka dafa ƙirji, ka yi murmushi, ka ce vendam, wato ba na so. Ban taɓa ganin wanda ya ji haushi ba. Kuma kada ka dogara da guntun Indiyancin da ka tsinta a finafinai. Wancan Hindi ne, mutanen nan Tamil suke yi, kuma suna kishin harshensu har sun yi zanga-zanga mai zafi a 1965 don kada a ɗora musu Hindi. Turanci ya fi fisshe ka.

Hasumiyar da kake hangowa ta Kapaleeshwarar ce, wurin bautar Shiva, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautar Hindu, tsawonta wajen mita 37. Irin wannan hasumiya ta bakin ƙofa ita ake kira gopuram: ƙasanta dutse, samanta bulo da farar ƙasa, shi ya sa ake iya cika ta da siffofi a kuma sake fenti bayan 'yan shekaru. Ka taka da ƙafa da la'asar ka zagaya farfajiyar da babban tafkin da ke gefenta. Wannan ɗanɗano ne kawai.

In tafiya ɗaya tak za ka yi, to Mahabalipuram za ka je, wasu alluna za ka ga an rubuta Mamallapuram. Kusan kilomita 60 ne kudu da Chennai, a kan titin da ya bi gaɓar teku, ka fita bayan sallar asuba ka dawo kafin magariba. Tashar jiragen ruwa ce ta sarakunan Pallava, waɗanda fadarsu ke Kanchipuram, kuma tun 1984 wurin ke cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO. Yana cikin kashin farko da na faɗa maka, ba turke ba rajista. Sai dai a wurin tikiti za ka ji a jikinka, don baƙo na biyan fiye da ninki goma na ɗan ƙasa. Ka adana tikitin, shi zai shigar da kai sauran wuraren a wannan rana.

Abin da ya sa na fifita maka shi: a cikin yini guda za ka ga yadda masassaƙan dutse suka tashi daga fafe kogo a jikin fa, zuwa sassaƙe dutse guda ya zama ɗaki, zuwa yanka dutse a ɗora wani kan wani. Ka bi su a wannan jeri. Fara da kogunan da ke jikin tudun tsakiyar gari, sannan ka gangara wurin da ake kira Pancha Ratha. Ɗakuna biyar ne na ƙarni na 7, ana danganta su da zamanin sarki Narasimhavarman na ɗaya, wanda ya yi mulki daga 630 zuwa 668, mai laƙabin Mamalla, wato babban ɗan kokawa, wanda garin ya ci sunansa. Ba a ɗora ko tsakuwa ɗaya a kan wata ba. Duwatsu ne da aka tarar a wurin aka fara sassaƙa daga sama ana gangarowa. Shi ya sa za ka ga rufin ya ƙaru tsaf da ado, gindin kuwa har yau da sawun kurfi a jikinsa, don ba a gama aikin ba, ba a kuma taɓa yin bauta a ciki ba. Kowane ɗaki da irin rufinsa, wani kamar bukka, wani dogo mai doro, wani hawa-hawa. Ka zo da littafin zanenka. Akwai giwa a tsaye a gefe, girmanta na giwar gaske, ita ma dutse guda ce.

Daga nan sai babban zanen da aka sassaƙa a fuskar fa, faɗinsa kusan mita 29, tsayinsa wajen 13. Masana sun rabu a kan labarin da yake bayarwa, wasu sun ce saukowar kogin Ganga ne daga sama, wasu sun ce wani jarumi ne ke gwagwarmayar ibada. Tsagar da ke tsakiyar dutsen ita ce kogin. Kowa giwayen da ke jikin zanen yake ɗauka hoto, amma ka duba ƙasa kusa da haurensu. Za ka ga wani muzuru ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannuwa sama yana kwaikwayon mai zuhudu, ɓeraye sun saki jiki suna wasa a gabansa. Sama da shekara 1,300 da suka wuce wani masassaƙi ya yi wa malaman ƙarya shaguɓe a bangon sarki, kuma aka bar shi. Wannan muzuru ya fi burge ni a kan komai a garin.

Sai ka ƙare da wanda ke bakin ruwa, wanda Turawa ke kira Shore Temple. Narasimhavarman na biyu, da ake wa laƙabi da Rajasimha, shi ya gina shi a farkon ƙarni na 8, tsakanin 700 da 728, kuma yana cikin tsofaffin gine-ginen yankakken dutse a kudancin Indiya. Ɗakuna uku ne, biyu na Shiva, ƙarami a tsakaninsu na Vishnu, wani babban abin bautarsu, a kwance. Babban yana kallon gabas don hasken fitowar rana ya faɗa ciki. Kada ka sa ran ganin ado mai kaifi. Iskar gishiri ta lashe fuskokin, shanun dutsen da aka jera a kan katanga wasu sun koma kamar curi. Abin da zai ba ka sha'awa a matsayinka na mai gini shi ne yaƙin da ake yi da teku: an tara manyan duwatsu an yi shinge, an dasa itatuwa su tare iska, kuma lokaci-lokaci ana liƙa jiƙaƙƙiyar takarda a jikin dutsen ta tsotse gishirin, in ta bushe a ɓare. Matuƙan jiragen Turai na dā suna kiran wurin Hasumiyoyi Bakwai, mutanen gari kuma na cewa shida teku ta haɗiye. Ranar 26 ga Disamban 2004, da igiyar tsunami ta zo, ruwa ya fara janyewa baya, masunta suka ce sun ga jerin duwatsu a ƙasan teku, kuma da ruwan ya koma ya kwashe rairayi ya tono wasu sassaƙe-sassaƙe da ke binne. A nan ne firaministan Indiya Narendra Modi ya karɓi shugaban Caina Xi Jinping a watan Oktoban 2019. Kafin ka tafi ka bi layin masassaƙa, har yau sana'ar garin ke nan, sai dai yanzu da injin yanka ake yi, ƙura ta yi wa kowa fari fat.

Chidambaram na gaba, kilomita 230 ko sama da haka daga Chennai, ba a bakin ruwa sosai yake ba amma iskar teku na isa. Rayayye ne, fili ne na kusan eka 40 da hasumiyoyi huɗu. A nan ake bauta wa Shiva a siffar mai rawa, siffar nan ta tagulla mai ƙafa ɗaya a sama cikin da'irar wuta da kake gani a shagunan tsaraba. Sarakunan Chola sun ɗauke shi da girma, Parantaka na ɗaya ne ya rufa ɗakin tsakiya da zinare a ƙarni na 10. Abin da za ka tsaya ka duba yana cikin soron ƙofa tun kafin ka isa turke: an sassaƙa salon rawa 108 a jikin bango, kowanne a cikin ɗan akwatinsa, masu koyon rawar gargajiya har yau suna zuwa dubawa. Wurin ba ya hannun gwamnati. Wasu iyalai ne da ake kira Dikshitar suka gada kaka da kakanni, za ka gane su da tukkun da suke ɗaurewa a gefen kai, kuma kotun ƙolin Indiya ta tabbatar musu da riƙon wurin a 2014. In lokaci ya ƙure maka, tsallake shi ba asara ba ce babba.

In kuwa ka je, ka ƙarasa kudu zuwa Nagore kusa da Nagapattinam, inda hubbaren wani waliyyi na ƙarni na 16, Shahul Hamid, yake. Ra'ayinka a kan ziyarar kaburbura naka ne, ni ginin nake nuna maka: hasumiyoyi biyar ne, kuma mafi tsawonsu wani sarkin Hindu na Thanjavur, Pratap Singh, ya gina ta. Gaɓar nan Larabawa 'yan kasuwa sun daɗe suna sauka a cikinta, shi ya sa kusan duk inda ka ga babban wurin bautar Hindu, ba za ka yi nisa ba ka ji kiran salla.

Tafiya ta biyu da zan ce ka yi, in ƙanwarka ta yarda ta riƙe Hajiya kwana biyu ko uku, ita ce Rameswaram. Ka hau jirgin ƙasa na dare daga tashar Egmore, gari na wayewa kana kan teku. Garin a tsibirin Pamban yake. Tsohuwar gadar jirgin, mai tsawon kilomita 2, an buɗe ta a 1914, ta yi aiki fiye da shekara 100 kafin tsatsa ta ci ƙarfinta. Sabuwar da aka buɗe a watan Afrilun 2025 tsakiyarta ɗagawa take sama gaba ɗaya in jirgin ruwa zai wuce. Ka nemi kujerar taga.

A wurin Hindu, babban wurin bautar garin, Ramanathaswamy, na cikin wurare huɗu mafiya girma da suke fatan ziyarta kafin mutuwa. Suna cewa a nan Rama, jarumin labaran addininsu, ya bauta wa Shiva don neman kankarar zunubi bayan ya kashe Ravana, sarkin Lanka. Don haka za ka ga mutane daga kowane lungu na Indiya, tsofaffi da yawa, wasu sun zo yi wa iyayensu da suka mutu hidima a bakin ruwa. Sukan fara wanka a teku, sannan su shigo da jiƙaƙƙun kaya su bi rijiyoyi 22 da ke cikin ginin. A kowace rijiya akwai mai guga yana ja yana sheƙa musu a ka, suna gudu-gudu zuwa ta gaba. Kai abin da ya kai ka shi ne barandar waje, wadda sarakunan Sethupathi na Ramnad suka gina, aka kammala a ƙarni na 18. Ginshiƙai sama da 1,200 ne a jere hagu da dama a kan dakali, rufin an yi masa zanen furanni, kuma ba wani wurin bauta a Indiya da barandarsa ta kai ta tsawo. Tsaya a kusurwa ɗaya ka miƙa ido, za ka ga ginshiƙan suna tsukewa har su haɗe a wani ɗan haske can nesa. Abin da aka koya maka a aji a kan yadda nisa ke rage girman abu a ido, ga shi nan a dutse. Ka tuna kuma tsibiri ne na rairayi, duk dutsen nan ta ruwa aka kawo shi. Tambayi masu gadi a ƙofa inda aka yarda ka tsaya, ka bi abin da suka ce. Wayarka kuma za ka bar ta a ma'ajiya, don tun Disamban 2022 kotu ta hana shiga da waya wuraren bautar jihar. Fensir da takarda ba wanda ya hana.

Rameswaram garin A.P.J. Abdul Kalam ne, masanin roka da ya shugabanci Indiya daga 2002 zuwa 2007. A nan aka haife shi a 1931, a nan aka binne shi a 2015. Mahaifinsa limami ne kuma mai kwalekwale, sana'arsa ɗaukar masu ziyarar Hindu zuwa Dhanushkodi da dawo da su, kuma Kalam da kansa ya ba da labarin abotar mahaifin nasa da babban mai hidimar wurin bautar. Gidansu na kan layin masallaci, an mai da shi gidan tarihi, ka yi azahar a masallacin unguwar. Da yamma ka ɗauki a-daidaita-sahu, su oto suke ce mata, zuwa Dhanushkodi. Gari ne da guguwa ta shafe a daren 22 ga Disamban 1964, ta tafi da jirgin ƙasa ɗauke da mutum sama da 100. Kangon coci da na tashar jirgi na nan tsaye a cikin rairayi. Daga tsinin ƙasar zuwa Siri Lanka kusan kilomita 30 ne, kuma jerin tudun rairayin da ya haɗa su Hindu na ce masa gadar Rama, a taswira kuwa Gadar Adamu aka rubuta, saboda labarin nan da ka sani na saukar Annabi Adamu a Sarandib, wato Siri Lanka.

Can kudu akwai Tiruchendur, wurin bautar Murugan ɗan Shiva, da igiyar ruwa ke dukan gindinsa, wanda sojojin Holan suka taɓa mamayewa a shekarun 1640, kusa da tsohon garin Musulmi na Kayalpattinam. Sai Kanyakumari a ƙarshen ƙasar, kilomita 700 daga inda kake. A duka biyun sai namiji ya tuɓe riga kafin ya shiga ciki, cunkoso ya yi yawa, ginin kuma bai kai waɗanda na lissafa ba. Kanyakumari don fitowar rana da faɗuwarta a kan teku ake zuwa. Ni da kuɗin motar nan gara in karkata cikin ƙasa zuwa Thanjavur in ga Brihadeeswarar, wanda Rajaraja Chola ya kammala a 1010, hasumiyar dutse zalla da ta haura mita 60.

Maganar Hajiya kuwa, Rameswaram ba nata ba ne. Daɓen dutse ne, kullum a jiƙe da ruwan rijiyoyin nan, ba takalmi, ga turereniya. Sabuwar gwiwa ba ta son santsi. Mahabalipuram kaɗai zan yarda, shi ma sai likitan gashi ya ce to, a ɗauki mota ta kanku da keken guragu, a tsaya a na bakin ruwa inda hanya take a shimfiɗe, a bar hawan tudu. Wataƙila ma ita iskar teku da soyayyen kifi za su fi mata daɗi a kan duwatsu. In kuma ranta bai kwanta da zuwa inda gumaka suke ba, kada ka matsa mata. Kai ta babban masallacin Wallajah a Triplicane, na dutse ne shi ma, an gina shi a 1795, ba shi da nisa da ku, kuma a layukan da ke kewaye da shi za ku samu biriyani na halal.

Rayayyun wuraren suna rufewa daga wajen sha biyun rana zuwa ƙarfe huɗu, don haka ka yi sammako ko ka bari sai la'asar. Takalmi a waje ake barinsa, kuma dutsen farfajiya da tsakar rana yana iya sale maka tafin ƙafa, musamman a Afrilu da Mayu. Daga Oktoba zuwa Disamba damina ce a wannan gaɓa, lokacin guguwa ke nan, ka riƙa duba hasashen yanayi kafin ka sayi tikitin jirgi. Sa dogon wando. Kaftani da hula ba laifi, kada ka ɓoye ko kai wane ne, illa dai ka shirya wa masu neman ɗaukar hoto da kai, don a ƙananan garuruwan nan ba kullum suke ganin ɗan Afirka ba. Abincin kusa da wuraren bauta ba nama, shinkafa ce a kan ganyen ayaba da miya kala-kala, ko idli da dosa da safe. Ka tafi da fasfonka na ainihi, kowane otal sai ya cika takardar baƙon ƙasar waje kafin ya ba ka ɗaki, wasu ƙananan masaukai ma ba sa karɓar baƙi saboda wannan takarda, don haka ka buga waya ka tabbatar tun kana Chennai. Ka kuma bar wa ƙanwarka lambar otal ɗin, tunda wayarka za ta yi sa'o'i a ma'ajiya.

A gaida Hajiya da jiki.